Lungunan Shikago masu shanye ruwan sama

Baƙon da ya sauka Shikago idonsa sama yake tafiya, ga dogayen benaye jere a bakin Tafkin Mishigan. Ni ƙasa na je kallo, ƙasar ma ta bayan gidaje. Birnin yana da lunguna masu tsawon mil 1,900, kimanin kilomita 3,000. Nan garejin motoci suke, nan kwandunan shara da turakun lantarki. Da yawansu an shimfiɗa su ne babu magudana, saboda haka in aka sheƙa ruwa sai lungu ya koma kududdufi, ruwan ya sulale ya cika ɗakunan ƙarƙashin ƙasa.

Dama a fadama aka kafa garin, kuma bututu ɗaya ne ke ɗaukar ruwan sama da na bayi. In ya cika, abin da ke dawowa cikin gida ba ya faɗuwa. A 2006, zamanin magajin gari Richard Daley, sashen sufuri na birnin ya fara shirin Green Alley: a fasa daɓen lungu, a sake shi da wanda ruwa ke ratsawa.

Na shiga ɗaya daga cikin lungunan da aka sake wa daɓe da hantsi, bayan an kwana ana ruwa. Lungun da ke maƙwabtaka da shi, mai tsohuwar kwalta, sai da na tattare ƙafar wando. Wannan kuwa ya bushe ƙayau. Na durƙusa na shafa daɓen: kaushi gare shi, tsakuwa ce manne da juna, ga ƙananan ƙofofi a tsakani. Na tsiyaya ruwan gorata, kafin in mayar da murfi ya ɓace.

Dabarar ba ta da wuyar ganewa. Ana kwaɓa siminti da tsakuwa a cire yashi, ko a rage shi ƙwarai, sai kusan kashi ɗaya cikin biyar na kankaren ya zama gurbi. A wasu lungunan intalok ake jerawa, a cike tsakaninsa da ƙananan duwatsu. Babban aikin yana ƙasa inda ido ba ya gani: shimfiɗar fasasshen dutse mai kauri, wadda ke riƙe ruwan har ƙasa ta tsotse shi sannu a hankali.

Zafi ma ba wasa ba ne a garin nan, duk da sunan da ya yi a sanyi. A Yulin 1995 zafi ya kashe mutum 739 cikin 'yan kwanaki. Shi ya sa ake zaɓen kankare mai haske, wanda ke mayar da hasken rana maimakon ya haɗiye shi. Damshin da ke ƙasa kuma yana tashi ta ƙofofin ya sanyaya daɓen, yadda randa ke sanyaya ruwa. A ganina dai an fi cin ribarsa wajen ruwa. Da tsakar rana, gindin bishiyar bakin lungun na nufa.

Daɓen yana da tasa lalurar. Bai dace da titin manyan motoci ba, kuma inda ƙasar yumɓu ce sai an binne bututu ya taimaka. Ƙura da ruɓaɓɓen ganye suna toshe ƙofofin, sai an riƙa kawo motar da ke zuƙe datti. Da hunturu ba a watsa masa yashi don maganin santsi. A kusurwar wani lungu, inda laka ta gangaro daga wani lambu ta liƙe daɓen, na tarar ruwa kwance har ya shanye mini takalmi.