Zato da Hujja: Neman Kwance Dukiyar da Kotu Ta Ɗaure a Ostiraliya

Aikin jarida ya koya mini bambanta abin da nake zato da abin da zan iya tabbatarwa. Shi ya sa na daɗe ina tunani a kan Dokar Dukiyar Laifi ta Ostiraliya ta 2002, wadda ta bai wa zato ƙarfin hana mutum taɓa gidansa ko asusunsa na banki.

A ƙarƙashin wannan doka, jami'i kan rantse a rubuce cewa yana zargin dukiyar ta samo asali daga laifi. Idan kotu ta ga zargin yana da tushe na hankali, sai ta ɗaure dukiyar, sau da yawa ba tare da sanin mai ita ba. Sashe na 42 ya ba wanda ba a sanar da shi ba kwana 28, daga ranar da labari ya iske shi, ya nemi a soke umarnin.

A nan batun shaida yake da sarƙaƙiya. Alkali ba ya tambayar ko an aikata laifi. Abin da yake dubawa shi ne ko dalilin ɗaurewar yana nan a ranar sauraro, ko kuma adalci ya buƙaci sokewa. Nauyin gamsar da kotu yana wuyan mai dukiya, kuma an yarje wa hukuma ta ƙaro sababbin bayanai. Tun 1990 Babbar Kotun ƙasar ta bayyana cewa abin da bai isa a gaskata ba yana iya isa a yi zato. Saboda haka musun mai dukiya kaɗai ba ya wadatarwa, sai ya rushe tushen zargin baki ɗaya.

Yin magana ma yana da haɗari. Wanda ke fuskantar tuhuma a kan al'amari guda zai iya tona kariyarsa tun kafin shari'a. Babbar Kotun ta amince da wannan damuwa a 2015, amma a shekarar da ta biyo baya majalisa ta taƙaita damar jingine irin waɗannan ƙararraki.

Na yarda da hikimar gaggawa, domin kuɗi kan tsallake iyaka cikin daƙiƙa. Sai dai ina ganin da zarar an ɗaure dukiya, uzurin gaggawa ya ƙare. Daga nan ya kamata jami'in ya faɗi majiyar bayanansa, ya kuma amsa tambayoyi a gaban alkali, domin mai dukiya ya san abin da ake so ya rushe.