Teburin Mai Shayi da Rumfar Mai Tuwo a Ƙasar Makoda



Ya 'yan'uwa Musulmi, a kwanakin baya ne Allah Ya nufe mu da tafiya ƙasar Makoda, arewa da birnin Kano, domin halartar saukar karatu ta waɗansu almajirai. Mun daɗe rabonmu da wannan ƙasa, saboda haka muka yi niyyar kwana biyu, mu gaisa da 'yan'uwa, mu kuma ga abin da zamani ya sauya. Muka tashi bayan sallar Asuba, muka bi ta Dawanau, muka kama hanyar Dambatta, wadda ke wucewa Kazaure da Daura har Kwangwalam a bakin iyaka. Kaka ta yi, an yanke gero, dawa tana jiran lauje, ga gawo da kuka da ɗorawa tsaitsaye cikin gonaki. Ƙasa ce mai yawan jama'a, ba ka tafiya mai nisa sai ka ga gari ko unguwa. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Makoda mutum fiye da 200,000, hedkwatarta kuwa tana Koguna.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a yau shi ne wuraren cin abinci. Wataƙila wani ya ce mene ne haɗin filin addini da teburin mai shayi? To, sai mu tuna masa cewa a cikin Suratul Kahfi, samarin nan da suka farka daga dogon barcinsu, da yunwa ta taɓa su sai suka aiki ɗayansu cikin gari da kuɗin azurfa, suka kuma yi masa kashedi ya duba abincin da ya fi tsarki. Ashe sayen abincin kasuwa tsohon al'amari ne, duba tsarkinsa kuwa aikin masu imani ne.

A zamanin da muke ƙanana, baƙo ba ya neman wurin sayen tuwo a ƙauyen Hausa. Zaure shi ne masaukinsa, akushin maigida shi ne abincinsa, in magariba ta yi kowane gida ya fito da ƙwarya a haɗu a ci. Abincin sayarwa sai ranar kasuwa, inda mai fura da mai waina da mai tsire kan kafa rumfa, la'asar sakaliya kowa ya naɗe kayansa. Sauran kwanaki kuwa sai abin da matan aure suka dafa a cikin gida, kamar koko da ƙosai da ɗanwake, yara su zaga da shi lungu-lungu. Motoci ne suka jawo abinci daga kasuwa zuwa tasha, daga tasha zuwa bakin titi. Da aka kafa sakatariya a Koguna kuma sai ga ma'aikata masu zuwa da safe su koma da yamma, waɗanda ba su da zauren da za su ci, sai rumfar mai abinci.

Wurare uku muka nema a wannan tafiya, domin mun san su a dā. Na farko teburin wani mai shayi ne a gindin darbejiya, inda muka sha zama bayan Asuba ana sauraron rediyo. Muka tarar babu tebur, babu benci, sai duwatsun murhu uku da toka ta bushe a tsakaninsu. Muka tambaya, aka ce yana nan da ransa, ya koma noma, da rani kuma ya tafi ci-rani. Da muka same shi a gida muka gaisa, sai ya ce, "Allah Ya gafarta Malam, ba rashin masu sha ne ya tashe ni ba, ga abin da ya tashe ni." Ya shiga ɗaki ya fito da wani tsohon littafin makaranta, shafi bayan shafi sunayen mutane ne da abin da suka sha ba su biya ba. Ya ce waɗansu sun rasu, waɗansu ba su da shi, ya yafe musu. Amma mafi yawa suna nan, suna da awaki da babura, in sun hango shi sai su sake hanya. Shi kuwa mai kantin da ke ba shi sukari da madara da burodi ba ya karɓar littafi a maimakon kuɗi.

Na biyu rumfar wata dattijuwa ce mai tuwon dawa da miyar kuka a gefen tsohuwar kasuwa. Ita ba ta rufe ba, ƙaura ta yi. Da ciniki ya bar cikin gari sai ta bi shi bakin titi, ranar Lahadi kuma ta loda tukwanenta a mota zuwa kasuwar Dambatta, inda fataken shanu da na hatsi ke taruwa. Muka ce, "Inna, yaya sabon wuri?" Ta ce, "Alhamdu lillahi, Malam, ana samu, sai dai ƙura da kuɗin mota." Abin da ya tsaya mana a rai shi ne jikokinta mata biyu da muka gani suna kai kwano wurin direbobi, a daidai lokacin da sa'o'insu ke makarantar allo. A dā da rumfar ke cikin gari, yarinya kan kai abinci ta koma gida cikin idon maƙwabta. Yanzu kuwa tana tsakanin baƙi har bayan isha.

Na uku ba mu san shi ba sai a wannan zuwa, domin a inda muka bar fili muka tarar da shago na siminti, da kujerun roba, da firji mai aiki da hasken rana. Wani saurayi ne ya buɗe shi bayan ya yi shekaru yana yi wa wani aiki a Kano. Ana sayar da shinkafa da wake, da taliya da ƙwai, da lemo mai sanyi, wanda ba shi da tsabar kuɗi kuma ya tura ta waya. Ya rubuta a bango da manyan baƙaƙe cewa ba a ba da bashi. Da farko abin ya yi mana nauyi, amma da muka tuna da littafin mai shayi sai muka yi shiru.

Ba bashi kaɗai ke buɗe waɗannan wurare da rufe su ba. Akwai na shekara-shekara: da damina jari da ƙarfi duk suna gona, da kaka kuɗi ya shigo gari teburori su yawaita, da bazara rumbu ya yi ƙasa su ragu, da azumi ciniki ya koma dare. Akwai kuma abin da ya zo daga sama. A 2020 dokar kulle saboda annobar korona ta hana kasuwanni ci. A farkon 2023 canjin takardun Naira ya sa tsabar kuɗi ta yi wuya, mai sayar da ƙosai na ɗari kuwa ba ta da asusun banki. A ranar 29 ga Mayu ta wannan shekara aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota ya hau, sukari da fulawa da man girki suka bi shi. A cikin 2023 ɗin dai aka ƙaddamar da aikin mayar da hanyar Kano zuwa Kwangwalam tagwaye, kowa kuwa ya sani in hanya ta faɗaɗa, wanda ya kafa rumfa a bakinta shi ne farkon mai ja da baya.

To, ina hukuncin shari'a a cikin wannan duka? Mu fara da mai ci. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, wadda ke ƙarshen Suratul Baƙara, a kan bashi ta sauka da umurnin rubuta shi, kafin ta kuma an yi umurni da a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci. Mai shayinmu ya cika nasa, ya rubuta, ya jinkirta, har ya yafe. Saura masu sha. Ya tabbata a cikin Muwaɗɗa da Buhari da Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kira jan-ƙafar mawadaci wajen biyan bashi da sunan zalunci. Ƙanƙantar kofin shayi ba ta fitar da shi daga wannan hukunci, bal ma ƙananan basussukan nan su ne mutum ke mantawa har ya mutu, magada su raba gado ba su san da su ba, alhali biyan bashi yana gaba da rabon gado.

Sa'an nan mai sayarwa. Muslim ya ruwaito cewa Annabi ya wuce wani tarin abinci a kasuwa, ya sa hannunsa ciki ya ji danshi, ya tsawata wa mai shi saboda ɓoye jiƙaƙƙen a ƙasa, ya kuma nisanta mai algus daga al'ummarsa. Tsadar kaya ba ta halatta a ƙara wa nono ruwa, ko a ɗumama miyar shekaranjiya a ce ta yau ce, ko a maimaita man suya har ya yi baƙi. Wanda tsada ta matsa, ya ƙara kuɗi a fili ko ya rage malmala a fili, mai saye ya gani da idonsa ya zaɓa. Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da kula da wannan. Yahya ɗan Umar, wanda ya rasu a shekara ta 289 bayan Hijira, ya wallafa Ahkamus Suƙ a kan hukunce-hukuncen kasuwa, har ya yi magana a kan gurasar da ba ta cika awo ba da nonon da aka gauraya da ruwa.

Sai masu zama. Teburin mai shayi majalisa ce, a bakin hanya kuma take. A hadisin Abu Sa'idil Hudri, da sahabbai suka ce ba su da makawa sai sun zauna a kan hanyoyi, an shardanta musu runtse ido, da kame cuta, da amsa sallama, da umurni da kyakkyawa da hani ga mummuna. Tarihi ma ya nuna zaman ne abin dubawa fiye da abin sha. A shekarar 1511 mai kula da hisba a Makka, Ha'ir Bak, ya hana gahawa ya tarwatsa wuraren shanta, amma da magana ta kai Alƙahira sai amsa ta zo da hana tarukan banza, ba a tabbatar da haramcin gahawar kanta ba. Haka nan shayi halal ne, amma naman ɗan'uwa da ake ci da shi haram ne, haka kuma zama a benci ana jin kiran salla.

Daga ƙarshe sai iyaye da shugabanni. Ba mu ce mace ta bar sana'a ba, domin da wannan tuwo ake ciyar da marayu a gidaje da yawa. Abin da muke roƙo shi ne dagatai da masu unguwanni da limamai su zauna da masu abinci, a keɓe musu wuri sananne kusa da gari mai ruwa da inuwa, domin kada kowace ƙaura ta ƙara nisanta yarinya daga gida da makaranta. A sa samari su riƙa kai kwano tasha, 'yan mata su koma gida kafin magariba. Wanda Allah Ya hore wa kuma ya tuna cewa ƙaramin jari da zai ba maƙwabcinsa rance ba da ruwa ba yana iya tayar da murhun da ya mutu.

Kafin mu baro garin mun faɗi wannan magana a masallaci bayan sallar Isha, ba mu ambaci sunan kowa ba. Da safe muna shirin hawa mota sai mai shayin nan ya zo sallama, ya ce mutum biyu sun ƙwanƙwasa masa ƙofa da dare, ya soke sunayensu daga littafi. Muka tambaye shi ko zai sake kafa tebur, ya ce sai ya ga abin da sauran shafukan suka yi. Saboda haka duk wanda ya karanta wannan, a Makoda yake ko a wani gari, ya binciki kansa ko sunansa na cikin irin wannan littafi, ya je ya biya tun yana da iko.

Allah Ya ciyar da mu halal, Ya sauke mana nauyin bayinSa, Ya sa albarka a kasuwanninmu da gonakinmu.