Lalube da Ƙas-ƙas a Tuddan Gaiole

Gari bai gama wayewa ba dandalin Gaiole, wani ƙauye a yankin Chianti na Italiya, ya cika maƙil da tsofaffin kekunan tsere. Ranar L'Eroica ce, hawan keken da Giancarlo Brocci ya assasa a 1997, ake yi duk farkon Oktoba a kan hanyoyin farar tsakuwa. Kekunan da ake so su ne ƙirar 1987 ko kafin nan, masu 'yan mariƙan sauya giya a jikin ƙarfen da ya gangara zuwa feda. Sai ka saki kan keke da hannu ɗaya ka kai ƙasa.

Ni da na tashi da keken Rali marar giya, duk mariƙan nan ɗaya na ɗauke su, sai da wani dattijo mai gyaran keke ya zaunar da ni, ya ce iri biyu ne.

Ya fara nuna mini na lalube. Mariƙinsa ba shi da matsaya: ka ja waya a hankali, sarƙa ta hau haƙoran da kake so, sannan ka ɗan gyara har karaf-karaf ɗin ya mutu. Kunne ke aikin, tamkar neman BBC a tsohuwar rediyo mai murɗawa. Ɗayan kuwa, wanda Shimano na Japan ya fito da shi a tsakiyar shekarun 1980 da sunan SIS, kowane ja sai ya ce ƙas, sarƙa ta faɗa gurbinta. Campagnolo na Italiya ya biyo baya da nasa, Syncro, bai karɓu ba. Da na ambaci sunan, tsaki kawai dattijon ya yi, ya ɗauko mariƙin Simplex na Faransa yana shafawa kamar abin gado.

Hujjarsa ta fifita na lalube ta kama hankali. Mai ƙas-ƙas ɗan gata ne: sai mariƙi da abin tura sarƙa da tazarar haƙora sun dace da juna, kuma da waya ta ɗan saki ko ƙarfe ya lanƙwashe, shi ke nan sarƙa ta kama tsalle. Na lalube kuwa ba ya tambayar asalin kowa. Haɗa masa kayan Faransa da na Japan, zai tafi.

Amma da rana, a wani tudu mai ƙura, na ga inda gizo ke saƙar. Wani mahayi mai mariƙin lalube ya gaji liƙis, hannu na rawa, ya ja mariƙi ya zarce. Sarƙa ta yi ƙara ta cije, ya dire ƙafa ya ci gaba da turi. Na bayansa ya ji ƙas sau ɗaya ya wuce abinsa.

Duk da haka, in tsohon keke ne mai kayan tsince-tsince ya shigo hannunka, ka bar shi a lalube. In kuma ka samu mariƙin SIS na jikin ƙarfe, kada ka raina shi: yawancinsu suna da ɗan zobe a gefe, da ka murɗa ya koma lalube.