Matakalar katako da damina a Ibadan

'Yan uwa ɗalibai da ke karatu a Kudu, musamman masu iyali, ga wata magana.

Mu 'yan Arewa matakalar siminti muka sani. A nan Ibadan kuwa, tsohon gidan da nake haya matakalarsa ta katako ce. Ga ruwan sama tun Afrilu har Oktoba, katakon ba ya bushewa, santsi kamar an zuba karkashi. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne hawowa da jiƙaƙƙiyar ƙafa bayan alwalar Asuba, babu wuta, sai kuma ɗiyata 'yar shekara 2 da ke bin kyanwar gidan sama da ƙasa.

Gyaran bai ci kuɗi ba. Na nemi izinin mai gida, na kankare gansakukar, na bari ya bushe, na gauraya yashi mai laushi cikin fenti na shafa. Bakin kowane mataki na buga masa yankin tsohuwar taya da ƙananan kusoshi. Na hana hawa da safa. Ita kanta kyanwar yanzu ƙafarta na kamawa.

Don Allah kar ku jira sai mai gida ya ga dama. Kuɗin fenti bai kai na ɗaurin karaya ba. Allah Ya tsare mana iyalanmu.