Daren da Git ya kusa ja min ƙarin zango

Ga abin da ya same ni shekaranjiya nan Ibadan, ko wani zai tsira.

Sufabaizana ya ce in ɗora aikin mastas ɗina a GitHub kafin takwas na safe, in ba haka ba sai zango na gaba zan kare shi. Ni kuwa don iyayi na raina Git ɗin Ubuntu, na sauko da sabo na harhaɗa da kaina. Ya hau lafiya lau. Ina buga git push sai ya ce "remote-https is not a git command". Ƙarfe ɗaya na dare, ba wuta, batir saura kaɗan. Wallahi gumi ya keto min.

Na zargi data, har na sayi wata. Ashe Git da libcurl yake dogara wajen HTTPS, kuma in configure bai gan ta ba, tsallakewa yake yi, harhaɗawa ta ƙare kamar ba komai.

Na sa libcurl4-openssl-dev da apt, na maimaita configure, make da make install. Ana kiran asuba aiki ya hau, Alhamdulillah.

Don Allah ku gwada push tun da sauran kwanaki.