Hotunan Gabas Daga Bakin Gona

A bakin wata gona da ke arewa da Ɗambatta akwai turken ƙirya da aka kafa a kan iyaka. Tsayinsa ya kai ƙirjin mutum, an ɗan sassaƙe kansa yadda waya za ta zauna ba ta goce ba. Ba dabba ake ɗaurewa a jikinsa ba. Mai gonar tsohon malamin firamare ne da ya yi ritaya. Kullum idan ya dawo daga sallar asuba sai ya jira gari ya soma washewa, ya ɗora wayarsa a kan turken, ya fuskanci gabas, ya ɗauki hoto ɗaya tak. Abin da ke shiga hoton bai canza ba tun ranar farko: gawo guda a tsakiya, kunyoyin gona a ƙasa, jinkar wani rumbu can gefen dama, sauran duka sararin samaniya. Bana shekara shida ke nan.

Ba haka ya fara ba. Lokacin da 'yarsa ta kawo masa waya ƙirar Tecno daga Kano, abin da kowa ke yi shi ma ya yi, wato farautar kyau. Idan rana za ta faɗi da kaka, yamma ta yi ja kamar garwashi, ya ɗauka. Idan hadari ya gangamo ya tsaya a kan gari kamar dutse, ya ɗauka. Yakan tura wa tsofaffin abokan aikinsa, su yaba, shi ke nan. Abubuwa biyu ne suka raba shi da wannan ɗabi'a, kuma na biyun ya ci masa iri.

Na farkon ya faru ne wata safiya ta hunturu. Hazo ya sauko har gawon da ke taku ɗari daga inda yake tsaye ya koma kamar inuwa. Ya ɗauki hoto, ya duba, sai ga itacen ya fito tas, samaniya kuma ta yi wani launi mai daɗin kallo wanda idonsa bai gani ba. Wayar ba lalacewa ta yi ba, aikinta ta yi. Kyamarar wayar zamani ba ta miƙo wa mutum abin da ya shiga ta gilashinta kai tsaye. Sau da yawa takan ɗauki hotuna da dama cikin ƙiftawar ido, wasu masu haske, wasu masu duhu, ta haɗe su, ta gyara farin da take zaton ya gurɓace, ta ƙara wa launuka kauri, sannan ta nuna sakamakon. An gina ta ne don ta faranta ran mai ita, shi kuwa hazo a wurinta aibi ne da ya kamata a share. Daga ranar Malam ya kashe duk wani gyaran launi da ya iya samu a cikin saitin, ya koyi danna yatsa a wuri guda ya riƙe har hasken ya tsaya, ya kuma riƙa goge gilashin da gefen rigarsa kafin kowane hoto, don ƙurar da ke kan gilashi da ƙurar da ke cikin iska kamanninsu ɗaya a hoto.

Na biyun ya zo a wata bazara, cikin watan Mayu. Da la'asar gabas ta haɗa baƙin hadari, iska ta taso da ƙura, aka kwana ana ruwa. Hoton da ya ɗauka na wannan hadari har yau shi ne mafi kyau a duk tarinsa. Da safe ya ɗauki sungumi. Maƙwabcinsa na gona, dattijo ne da ya girme shi da kusan shekara ashirin, ya tsaya a kan iyaka ya ce, "Malam, da ka ɗan saurara. Wannan ruwan baƙo ne, bai zo zama ba." Malam ya ce, "Baba, ai ka ga hadarin jiya." Ya shuka gero. Geron ya tsiro, sannan samaniya ta ɗauke kusan mako uku, tsiron ya ƙone a cikin rami. Sai da ya sayi wani iri a kasuwa, a lokacin da iri ya fi tsada.

Abin da ya same shi ba baƙon abu ba ne a ƙasar gero, kuma masana sun daɗe suna fama da shi. A 1988 wani masani mai suna Sivakumar, da ke aiki a cibiyar ICRISAT ta Sadore kusa da Yamai, ya tsara ma'aunin faɗuwar damina da har yanzu ake amfani da shi a yankin Sahel. A ma'aunin nan, damina ta faɗi idan bayan 1 ga Mayu aka sami ruwan da ya kai milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma a kwana 30 da suka biyo baya ba a yi farin da ya wuce kwana bakwai ba. Sharaɗi na biyun shi ne mai ɗaci. Ma'anarsa, ko masani da ma'aunin ruwansa ba zai iya rantsewa cewa damina ta faɗi ba sai bayan wata guda. Shi kuwa manomi da safiyar nan ake so ya yanke shawara. Hoton hadari, komai kyansa, shaida ce ta yammaci ɗaya kawai, kuma Malam ya ɗora masa nauyin da ba zai iya ɗauka ba.

A wannan shekarar ya kafa turken. Tunaninsa na malamin aji ne: ba a gane ɗalibi da jarrabawa ɗaya, sai an duba rajista. Idan wurin tsayuwa ɗaya ne, alƙiblar kyamara ɗaya, lokaci kusan ɗaya, to duk bambancin da aka gani tsakanin hoton jiya da na yau daga samaniya yake, ba daga mai ɗauka ba. Yawancin hotunan da suka taru ba su da wani kyau. Akwai makonni a cikin Janairu da mutum zai yi ta murza allo bai ga komai ba sai fari-fari da kan itace. Amma da aka jera su, abubuwa suka soma fitowa.

Rana ce ta fara tona kanta. A littafin firamare an ce tana fitowa daga gabas, shi ma haka ya koyar shekara da shekaru. A hotunansa kuwa sai ga ta tana tafiya. A ƙarshen Disamba tana ɓullowa can dama da gawon, bayan jinkar rumbu, wato ta karkata kudu. Daga nan takan riƙa matsowa hagu, ta ratsa bayan itacen wajen 21 ga Maris, ta ci gaba har ta kusa fita daga hoton a ƙarshen Yuni, sannan ta juyo. A wannan yanki tazarar da ke tsakanin iyakokin biyu ta kusa digiri 48. Dalili kuwa karkatar duniya ce a kan sandar juyawarta da kimanin digiri 23 da rabi. Wannan karkata ita ke sa rana ta tsaya daidai tsakar kai a ƙasar Kano sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da kuma bayan tsakiyar Agusta, kuma tsakanin waɗannan ranaku inuwar tsakar rana kudu take faɗuwa. Malam ya san wannan a takarda. Bai taɓa ganinsa ba sai a jikin gawonsa.

Shi gawon ma ba ƙaramin mai ba da labari ba ne, don itace ne mai saɓa wa 'yan'uwansa. Da damina, lokacin da komai ya yi kore, shi sai ya kakkaɓe ganyensa ya tsaya tsirara. Da rani, ƙasa ta bushe, kara ya kwanta, sai ya yi lif. Saboda haka a tarin hotunan kore yana musayar wuri: rabin shekara yana ƙasa, rabin shekara yana kan itace, sai 'yan makonni na kaka da sukan haɗu. Manoma sun daɗe da sanin amfanin wannan hali. Gawo ba ya yi wa shuka inuwa a lokacin da take neman rana, ganyen da ya zubar taki ne, dabbobin da ke hutawa a gindinsa da rani suna cin 'ya'yansa su bar kashi, shi ya sa geron gindin gawo ya fi na fili tsayi. Wannan ma ya fito a hotunan Agusta, tudun kore a ƙarƙashin busassun rassa.

Hazon da ya fara ruɗin wayarsa yana da asali mai nisa. Mafi yawansa daga kwarin Bodele yake tasowa, a arewacin Chadi, busasshen gindin wani tsohon tafki wanda Tafkin Chadi na yau ragowarsa ne kawai. Iskar arewa maso gabas tana matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta fito da ƙarfi, ta kwashi farar ƙasar da ta samu daga ɓawon ƙananan halittun da suka rayu a ruwan. Cikin kwana ɗaya ko biyu ƙurar ta iso ƙasar Hausa, wani kaso ma yakan ƙetare Tekun Atlantika. Iska tsantsa shuɗin haske ta fi watsawa, shi ya sa samaniya ke yin shuɗi bayan ruwa ya wanke ta. Ƙwayoyin ƙura kuwa manya ne, suna watsa duk launuka kusan daidai, sai komai ya yi fari, rana ta zama kamar faifai, mutum ya kalle ta da safe bai ƙifta ba. Malam ya mai da wannan ma'auni. A bayan gawon akwai wata kuka, a bayanta kuma can nesa akwai jerin dogon yaro na bakin hanya. Ranar da duka suka fito, gari garau yake. Ranar da dogon yaro ya ɓace, hazo ya sauka. Ranar da kuka ma ta ɓace, yakan ce wa mai ɗakinsa kada a bar jikoki su fita ba rufi, don tari na tafe.

Hadari kuwa da safe ba a cika kama shi ba, don yawanci da zafin yamma yake haɗuwa, don haka da damina ya ƙara hoto na biyu bayan la'asar. A nan ya ci karo da wani abu mai kama da saɓani. Iskar damina, mai ɗauke da laima daga teku, daga kudu maso yamma take busowa, ana ganinta a yadda ganyen dawa ke kwanciya. Amma babban hadari daga gabas yake zuwa. Bayanin shi ne iska hawa-hawa ce. Mai laimar a ƙasa take. A samanta, kimanin kilomita uku zuwa huɗu, akwai wata mai ƙarfi da ke kwararowa daga gabas zuwa yamma, ita ke tura jerin hadarin da ya yi tsiri ya kai can. Shi ya sa turken gabas yake kallo, kuma shi ya sa bakan gizon safe, wanda kullum a yamma yake fitowa tunda yana bayan mai kallon rana, galibi alama ce ta ruwan da ya riga ya wuce. Wataƙila wannan na cikin abin da ya sa aka ce bakan gizo yana shanye ruwa. Walƙiya ce kaɗai ya haƙura da ita. Ya gwada sau biyu, sannan ya tuna cewa yana tsaye a fili kusa da itace mafi tsayi a gonar.

Dattijon nan maƙwabcinsa ba ya kallon hoto, lissafin taurari yake bi, irin wanda malaman zaure suka gada: taurari 28, kowane kwana 13, bakwai ga kowane yanki na shekara. Na damina su ne Haƙa'a, Hana'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha da Harsan. Yana kuma duban zuwan shamuwa, wadda ke barin kudancin Afirka ta zo ta yi sheƙa a ƙauyukan nan gab da ruwa. Malam bai ɗauki wannan a matsayin kishiyar aikinsa ba. Ya sayi littafin rubutu mai layi, kowace rana yana da layinta: kwanan wata, tauraron da dattijon ya ce ana ciki, ko an yi ruwa, ko shamuwa ta sauka, ranar shuka, ranar firi, ranar da gero ya yi bununi. Idan hukumar NiMet ta fitar da hasashenta na shekara ya ji a rediyo, shi ma yakan rubuta a shafin farko. Littafin ya ƙara daraja a idonsa tun da katin memorinsa ya lalace ya tafi da hotunan wata biyar. Wasu ya same su a wayar 'yarsa, amma hoton da aka tura ta WhatsApp yakan rasa kwanan watan da ke ɓoye a jikinsa, sai da littafin ya mayar da kowane gurbinsa.

Wasu daga cikin masu ganin tarin sukan so ya ce musu damina ta canza, ko hazo ya ƙaru a kan na da. Yakan ƙi, kuma gaskiya ce tasa. Masana yanayi shekara 30 suke tarawa kafin su kira abu al'adar wuri, shi kuwa shida gare shi, daga gona ɗaya, ta kusurwa ɗaya. Dattijon da ya ga farin 1973 da na 1984 da idonsa ya fi shi dogon tarihi, sai dai nasa a ka yake, kuma zai tafi da shi. Abin da Malam ke iya cewa ƙanƙane ne amma tabbatacce: a shekara shidan nan, sau uku ruwan farko ya zo sannan fari ya biyo baya, kuma a hotunan ba a iya rarrabe hadarin da ya yaudara da wanda ya cika alkawari.

Bana ruwan farko ya sauka da dare. Da safe ya ɗora waya a kan turken, ya ɗauki gawon da ya soma zubar da ganye, da ƙasar da ta yi duhu, da shamuwa biyu a kan reshe. Ya tona da yatsa ya ga laima ta wuce tsawon tafin hannu. Ya shuka rabin gonar, ɓangaren da ke gindin gawo inda ƙasa ta fi riƙe ruwa, ya ɗaure bakin buhun da sauran irin ya mayar rumbu. Dattijon yana kan iyaka yana kallo, bai ce komai ba, da hantsi kuma aka ga jikansa ya fito da sungumi.