Wutsiyar Hamsta da Abin da Take Faɗa Game da Gado

Akwai wata 'yar dabba da ake kira hamsta, wadda har yau Bahaushe bai raɗa mata suna ba, domin ba a ƙasarsa take ba. Dangin ɓera ce, girmanta bai wuce tafin hannu ba, kuma a ƙasashen Turai da Amurka akan ajiye ta cikin keji a ɗaki, kamar yadda muke ajiye aku ko kanari. In mai karatu yana son ya kwatanta ta da abin da ya sani, to ya tuna da gafiya, saboda dukansu biyu suna da 'yar jaka cikin kumatu inda suke cusa hatsi su kai rami. Da Bahaushe ya san hamsta, da ita ma ya ce mata ta tsira da na bakinta. Inda suka rabu shi ne wajen wutsiya. Ta gafiya doguwa ce har ta kai tsawon jikinta, ta hamstar Siriya kuwa ɗan guntu ne da bai fi gaɓar yatsa ba, gashi ma yakan rufe shi. A kan wannan ɗan guntu nake son in yi magana, don kuwa abin da yake nunawa ya fi girmansa.

Da farko ya kamata a san cewa wutsiya ba wani abu ba ne da aka liƙa wa dabba a gindi. Ƙarshen ƙashin baya ce. Lokacin da ɗa yake cikin mahaifa, gaɓoɓin ƙashin bayansa sukan jeru ne ɗaya bayan ɗaya, daga wajen kai zuwa ƙasa, wutsiya ce ke zuwa a ƙarshe. Saboda haka in aka sami tangarɗa wajen jeruwar nan, sau da yawa a wutsiya take fara bayyana, ta fito a lanƙwashe ko da ƙulli. A ajin nahawu an koya mana bambancin gadon da ake kwanciya a kai da gadon da ake ci daga iyaye, cewa tsawon wasali da karin sauti ne suka raba su. A jikin hamsta kuwa sai ga su sun haɗu, domin gadon iyaye ne yake lalata gadon baya.

Na fara sanin wannan ne ta wurin wani abokina mai karatun likitan dabbobi, wanda yake kiwon hamsta a gidansu. Ya ɗora mini wata a hannu, mai launin toka, ya ce in shafa wutsiyarta a hankali. Ido bai ga kome ba, amma yatsa ya ji wani ɗan lanƙwaso kamar an tanƙware tsinke. Ita kanta lafiyarta lau, tana ci tana gudu. Ya ce duk da haka ba zai bari ta haihu ba. A lokacin na ga kamar ya tsananta, sai da ya ba ni tarihin dabbar na ga dalilinsa.

A shekarar 1930 wani masanin dabbobi na Jami'ar Ibrananci ta Birnin Ƙudus, mai suna Israel Aharoni, ya sa aka haƙa wani rami a gonar alkama kusa da birnin Halab na ƙasar Siriya, aka sami uwa da 'ya'yanta. An neme su ne domin abokin aikinsa, Saul Adler, yana bukatar dabbar da zai yi binciken wata cuta da ita. Uwar ba ta rayu ba, waɗansu 'ya'yan suka mutu, waɗansu suka tsere, har abin da ya saura bai wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Waɗannan 'yan ciki ɗaya su aka haɗa suka yi ta haihuwa. Daga cikin zuriyarsu aka kai Ingila a 1931, sa'an nan Amurka a 1938. Watau mafi yawan hamstar Siriya da ke cikin keji a duniya jikokin gida ɗaya ne. Ga shi kuma dabba ce mai saurin yaɗuwa: cikinta kwana 16 ne kacal, kuma 'ya'yan sukan isa haihuwa tun suna da mako 5 ko 6. Duk abin da ke ɓoye cikin jinin gidan, ba ya daɗewa bai zagaya ba.

A nan sai a yi hattara. Haɗa 'yan'uwa ba shi ke ƙirƙiro cuta ba, tono ta yake yi. Gregor Mendel, wanda ya buga sakamakon gwajinsa a kan wani irin wake a 1866, shi ya fara nuna cewa kowane ɗa yana karɓar ƙwayar gado biyu a kan kowace siffa, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Akwai ƙwayar da ba ta nuna kanta sai ta haɗu da irinta. Mai ɗauke da guda ɗaya lafiyayye ne a ido, amma in irinsu biyu suka haɗu, kowane ɗa da za a haifa yana da rabo ɗaya cikin huɗu na ɗaukar duka biyun. Wannan lissafi ba baƙo ba ne a wurinmu, shi ne wanda likitoci ke yi wa masu neman aure game da cutar sikila. 'Yan gida ɗaya kuwa su suka fi yiwuwar ɗaukar ɓoyayyar ƙwaya iri ɗaya.

To, mene ne ya sa ake ci gaba da haɗa su? Amsa ita ce sha'awar launi. Hamstar daji launin ƙasa-ƙasa gare ta mai ruwan zinariya. Da aka daɗe ana kiwonta a keji sai waɗansu launuka suka riƙa ɓullowa, masu kiwo kuma suka shiga gasa. Hanya mafi sauri ta tabbatar da sabon launi ita ce a mayar da 'ya ga ubanta, ko a haɗa wa da ƙanwa. Masu kiwo a Ingila sun daɗe da lura cewa launin toka mai duhu yakan zo tare da lanƙwasasshiyar wutsiya, kuma in aka ci gaba da haɗa masu irin wannan wutsiya, aibin yakan haura sama ya taɓa ƙashin bayan kansa. Shi ya sa ƙa'idarsu ita ce a taɓa wutsiyar kowace hamsta kafin a haɗa ta. Akwai ma wani misali da ya fi wannan muni. Wata ƙwayar gado takan ba hamsta farin ciki, abin sha'awa ga mai saye. In aka haɗa biyu masu ɗauke da ita, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na 'ya'yan sukan fito farare fat, ba su da idanu.

Ba hamsta kaɗai abin ya shafa ba. A 1927 wata masaniya a birnin Faris, Nadine Dobrovolskaia-Zavadskaia, ta bayyana wata ƙwayar gado mai gajarta wutsiyar ɓera, wadda in ɗa ya ɗauki biyu sai ya mutu tun a ciki. A 2013 aka tabbatar cewa irin wannan ƙwaya ce ke sa kyanwar tsibirin Man, tsakanin Ingila da Ayalan, ta fito ba wutsiya. Mutane suna sayenta don wannan siffa, alhali waɗansu 'ya'yanta ana haihuwarsu da ƙashin baya a buɗe, ba sa iya riƙe fitsari ko kashi. Darasin ɗaya ne: wanda ya taɓa wutsiya ya taɓa baya.

Sai dai kama da wane ba ta wane. Ba kowane lanƙwaso ne na gado ba. Ƙofar keji takan matse wutsiya, uwa takan ciji ɗanta, faɗuwa daga hannu takan karya baya. Har ila yau ƙaramar tayar da ake sa mata ta yi gudu a ciki takan tilasta mata tanƙware baya kullum dare, shi ya sa ake son tayar hamstar Siriya ta kai faɗin santimita 28 ko kusa da haka, kuma ta zama shafaffiya, ba mai sanduna ba. Abin da ke nuna gado shi ne a ga aibin tun ana ƙarama, ko a gan shi ga 'yan ciki ɗaya fiye da guda. In kuwa dabbar ta fara jan ƙafafun baya, ko gindinta ya riƙa jiƙewa da fitsari, to sai a kai ta wurin likitan dabbobi ba tare da jinkiri ba. Ƙashin da aka haifa a karkace ba ya miƙewa, abin da ake iyawa shi ne rage mata ciwo, a sa ta a keji marar hawa, a ajiye ruwa da abinci kusa da ita.

Wani zai ce, mene ne abin damuwa a kan ɗan ɓeran da ba ya wuce shekara 2 ko 3 a duniya? Ni a ganina ƙanƙantarta ba ta rage nauyin da ke kan mai ita. Hamstar da ke rami a Halab ita ke neman abokin haihuwarta, wadda ke keji kuwa mutum ne ya zaɓar mata, don haka duk abin da ya fito daga zaɓin nan a wuyansa yake. Makiyayi ma ya san wannan, shi ya sa yake zaɓen bijimin da zai bari a garke, ya dandaƙe saura. Mai lanƙwasasshiyar wutsiya ba ta yi laifin kome ba, hakkinta ne a ciyar da ita, a kula da ita har ƙarshen kwananta. Abin da ba a so kawai shi ne a mai da ita uwar zuriya don launinta ya yi kasuwa. Mai saye kuma yana da nasa rabon, domin in ya tambayi asalin iyaye, ya taɓa wutsiya, ya ƙi sayen abin da aka samu ta hanyar cutarwa, mai sayarwa zai sake lale.

Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Gaskiya ne a daji. A cikin keji kuwa an ga uwa tana gudu ɗanta yana jan ciki, kuma hannun mutum ne ya kawo haka. Allah ya ba mu ikon sauke hakkin abin da muka ɗaure.